Kwalbar Bitamin da Tukunyar Gida: Jagorar Mai Ciwon Zuciya a Samaru da Sabon Gari

Wata Asabar da hantsi na je gaida kawuna a Hayin Dogo. Na iske shi a zaure ya jingina da bango, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta ƙi shiga, yana haki kamar wanda ya hau Dutsen Kufena da gudu. A gefen tabarmarsa akwai baƙar leda cike da kwalabe: bitamin C mai tafasa cikin ruwa, bitamin E, ƙwayoyin man kifi, da wani ruwan ƙarin jini da ɗansa ya sayo masa a kasuwar Sabon Gari. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, ina ƙwayar hawan jinin da likita ya rubuta muku?"

Ya ce, "Ai ɗana, wannan ta ƙare tun watan jiya. Da na ga waɗannan sun fi ta tsada, sai na ce lalle sun fi ta ƙarfi."

Irin Kawu suna da yawa. Daga kasuwar Samaru zuwa Kwangila, daga PZ zuwa cikin Sabon Gari, duk kemis ɗin da ka leƙa za ka ga kwalaben bitamin a sahun gaba, wasu har da hoton jar zuciya a jikinsu. Mai saye kuwa ƙauna ce ta kawo shi: ɗa ne ke son ya kyautata wa mahaifi, ko miji ke neman abin da zai tayar da maijego. Dominsu na rubuta wannan jagora. Kula da zuciya gini ne, gini kuwa yana da tsari. Harsashinsa sanin ciwon da shan maganinsa. Bangonsa tukunyar gida da motsa jiki. Bitamin yaɓe ne, ana sa shi inda aka ga tsaga. Wanda ya tara yaɓe babu bango, damina za ta same shi a waje.

Mataki na 1: Ka san sunan ciwonka

"Ciwon zuciya" babban suna ne, kamar a ce "zazzaɓi". A ƙarƙashinsa akwai cututtuka daban-daban, kowacce da maganinta. Huɗu ne ya kamata kowane gida ya sani.

Na farko, zuciyar da hawan jini ya gajiyar. Shekara da shekaru tana tura jini cikin matsatstsun jijiyoyi, har naman jikinta ya yi kauri, daga bisani ya saki. Na biyu, lalacewar ƙyauren zuciya, wanda asalinsa ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi maganinsa da penicillin ba. Yaron da maƙogwaronsa ya kumbura da zazzaɓi asibiti ya kamata a kai shi, domin cire belu ba ya kashe ƙwayar cutar. Na uku, raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin jego. Na huɗu, toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, mai zuwa tare da ciwon suga, taba da yawan kitse a jini.

A 2012 aka wallafa wani bincike da ya bi mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya. Kusan rabinsu hawan jini ne ya kwantar da su. Toshewar jijiya, wadda ita ta fi addabar Turawa, ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal, wato magidanta masu 'ya'ya a makaranta. A Najeriya kusan baligi ɗaya cikin uku na da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba.

Saboda haka tafiyar farko ta asibiti ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin zuciya, kuma asibitin gwamnati ko ƙaramin asibitin unguwa zai iya fara duba ka ya ba ka takardar zuwa can. Gwaje-gwajen da aka saba yi su ne awon jini, gwajin suga, gwajin ƙoda da gishirin jiki, yawan jini, kitsen jini, awon bugun zuciya na ECG, da hoton zuciya da ake kira eko. Kafin ka fito ka roƙi likita ya rubuta maka sunan ciwon a takarda. Wannan takarda ita za ka riƙa nuna wa duk wanda zai sayar maka da magani.

Mataki na 2: Ka koyi awon jini a gida

Hawan jini ba ya sallama. Mutum kan yi shekaru da shi babu ciwon kai, babu jiri. Na'urar awo ce kaɗai ke tona shi. In da hali a sayi mai batir wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya. Gida biyu ko uku ma kan iya haɗa kuɗi su saya tare. Ga yadda ake yi:

1. Minti 30 kafin awo, a bar goro, shayi mai ƙarfi, gahawa da taba. A yi fitsari in ana ji.
2. A zauna kan kujera minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ƙafafu ba.
3. A ɗaura maɗaurin a kan fata, hannun a ajiye bisa tebur daidai da ƙirji.
4. A yi shiru lokacin awo. A auna sau biyu, tsakaninsu minti ɗaya.
5. A yi haka da safe kafin shan magani, da kuma da yamma, har kwana 7. A rubuta kowane awo da kwanan wata.

A asibiti, awon da ya tsaya a 140/90 ko sama shi ne hawan jini. A gida, inda hankali ke kwance, iyakar ita ce 135/85. Wanda ya ga 180/120 ya huta ya sake aunawa, in bai sauka ba ya ga likita a ranar. In kuma da ciwon ƙirji, haki ko dishi-dishin gani, ba a jira.

Mai gazawar zuciya yana da awo na biyu, wato sikeli. Ya hau kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba ce. A nemi likita tun kumburin bai kai huhu ba.

Mataki na 3: Ƙwayar likita ita ce harsashi

Maganin hawan jini riƙe shi yake yi, kamar yadda turke ke riƙe doki. Ranar da aka tuge turken, dokin ya tafi. In awo ya yi kyau, alama ce ƙwayar na aiki, sai a ci gaba.

Akwai binciken da aka yi a kan jikin irin namu. A 2019, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum fiye da 700 a ƙasashen Afirka shida. Sun gano cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine, ko da hydrochlorothiazide ko da perindopril, ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. Waɗannan ƙwayoyi ne da ake samu a Zariya, kuma kuɗin watansu sau da yawa bai kai na kwalbar bitamin ta ƙasar waje guda ɗaya ba.

Dabarun riƙe magani kaɗan ne. A ɗaura shi da abin da ba a mantawa, kamar sallar Asuba. A sayo sabo tun saura na kwana 5, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In wata ƙwaya ta kawo tari, kumburin ƙafa ko raunin namiji, a faɗa wa likita ya canja ta, akwai madadi. In kuɗi ya yi kaɗan, a faɗa masa wannan ma, ya san mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya.

Mataki na 4: Gishiri, dunƙule da kanwa

A nan Zariya tana da labarin da duniyar likitanci ta sani. A shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson, sun lura da yawan masu jego da ake kawowa jiki a kumbure, numfashi na sarƙewa. A 1978 suka wallafa bayanin mata 224. An ƙiyasta cewa a wancan lokaci ciwon na kama kusan mace ɗaya cikin haihuwa ɗari a wannan yanki, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Da suka bi sawu zuwa gidaje, sai suka tarar da abubuwa uku: kunun kanwa, wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke cikin gishiri. Sodiyam na riƙe ruwa a jiki, zafi na buɗe jijiyoyin fata, sai zuciyar da ta gama ɗawainiyar wata tara ta sami kaya biyu a lokaci guda.

Daga baya ilimi ya ƙaru. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020 a kan mata fiye da 400 daga sassan Najeriya, ya nuna cewa al'adun jego su kaɗai ba su ne sanadi ba. Rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jini lokacin goyon ciki sun fi fitowa fili. Iyayenmu mata da suka riƙe wankan jego kulawa suke nufi, kuma hutun da maijego ke samu cikin arba'in alheri ne da ya kamata a riƙe. Amma abu ɗaya bai canja ba: zuciya mai rauni ba ta ɗaukar sodiyam mai yawa, ko daga kanwa ya fito ko daga gishiri. Maijego ta yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda fata ke iya jurewa, ta sha kunun gyaɗa ko na tsamiya, ta ci abinci mai gina jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Ɓoyayyen kuwa shi ya fi yawa. Kusan rabin nauyin dunƙulen magi gishiri ne. Farin magi ma sodiyam ne. Haka yajin tsire, kilishi, burodi, kifin gwangwani da garin ɗanɗanon taliyar leda.

Ga yadda uwargida za ta rage ba tare da gida ya yi bore ba:

- A auna gishirin yini da cokali tun da safe a zuba a murfi. In ya ƙare, ya ƙare.
- A rage dunƙule sannu a hankali: mai sa huɗu ta koma uku, bayan mako biyu ta koma biyu. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni.
- A cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, busasshen kifi marar gishiri da ɗan tsamin lemo ko tsamiya.
- A daina barbaɗa gishiri ko yaji mai magi a kan abincin da aka riga aka dafa.
- A jiƙa wake tun dare maimakon jefa masa kanwa. Kanwa na ƙara sodiyam, kuma tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken, wanda daga baya za a je kemis a saya da kuɗi.
- A dafa tukunya ɗaya ga kowa. Maigidan da aka ware wa miya lami shi kaɗai ba ya daɗewa bai koma wa ta jama'a ba, yara kuwa ribarsu ce su taso da harshen da bai saba da gishiri ba.

Mataki na 5: Bitamin, inda yake da amfani da inda ba shi da shi

An gwada maganar bitamin da zuciya gwaji mai tsanani, a kan dubban mutane. A shekara ta 2000, wani bincike da aka jagoranta daga Kanada a kan mutum fiye da 9,000 ya nuna bitamin E bai hana bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, alhali ƙwayar ramipril da aka gwada a bincike guda ta rage su. Da aka ci gaba da bin mutanen, rahoton 2005 ya nuna masu shan bitamin E sun ɗan fi kamuwa da gazawar zuciya. A Birtaniya, an gwada haɗin bitamin E, C da beta-carotene a kan mutum 20,536 na shekara biyar, sakamakon 2002 ya nuna bai kare zuciyarsu ba, amma maganin rage kitsen jini, simvastatin, ya kare. A Amurka, an gwada ƙwayar haɗin bitamin a kan likitoci maza fiye da 14,000 sama da shekara goma, sakamakon 2012 bai nuna raguwar ciwon zuciya ba. Bitamin D ma an gwada shi a kan mutum 25,871, labarin bai canja ba. Beta-carotene kuwa ya ƙara wa masu shan taba haɗarin sankarar huhu.

Darasin a fili yake: jikin da bai rasa bitamin ba, ƙara masa ba ya gyara zuciya. Tulun da ya cika, duk abin da aka ƙara ƙasa zai sha.

Amma tulun da ya yi ƙasa fa? Nan ne ciko ke aiki, kuma likita ne ke gane shi ta gwaji:

Ƙarancin jini da sinadarin ayon. Jini in ya yi ƙasa, zuciya na ninka gudu don ta isar da iska. Mai ciki ta sha ƙwayar ayon da folic acid da ake bayarwa wurin awon ciki. Mai gazawar zuciya da gwaji ya nuna ya rasa ayon, bincike ya nuna wanda ake sawa ta jijiya a asibiti ne ke taimakonsa, na haɗiya bai cika yi masa aiki ba. Namiji ko dattijuwa da jininsu ya yi ƙasa, sai an nemo inda yake zurarewa, ko gyambon ciki ne, ko tsutsa, ko basir, kafin a hau shan ruwan ƙarin jini.

Bitamin B1. Rashinsa kaɗai na iya kumbura zuciya. Maganin fitsari irin su furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, yana fitar da shi daga jiki. Wanda ya daɗe a kan wannan magani, ga rashin cin abinci, ya tambayi likita ko yana bukatar ciko.

Seleniyam. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin an taɓa fama da wani raunin zuciya mai kashe yara da mata matasa. Aka gano ƙasar nomarsu ce ba ta da wannan sinadari, da aka fara ba su shi a shekarun 1970 cutar ta ja baya ƙwarai. A Kano, Farfesa Karaye ya sami ƙarancin seleniyam a jinin mafi yawan masu jego da ke da raunin zuciya da ya auna. A gwajin da ya biyo baya a kan mata 100, waɗanda aka ba maikurogiram 200 kullum na wata uku, a kan maganinsu na zuciya, sun fi samun sauƙin alamun ciwon. Gwajin ƙarami ne, kuma a hannun likitoci aka yi shi. Seleniyam in ya yi yawa guba ne, yana zubar da gashi ya lalata farce, don haka ba abin saye da ka ba ne.

Folic acid. A ƙasar Sin, inda mutane da yawa ke da ƙarancinsa, an gwada haɗa shi da maganin hawan jini a kan mutum 20,702, sakamakon 2015 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A lura, tare da maganin aka ba su.

Kalsiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ba mai ciki inda abinci ke da ƙarancinsa, domin rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga.

Akwai kuma abubuwan da ke cutar da mai ciwon zuciya, kuma suna kan tebur ɗaya da bitamin:

- Ƙwayoyi masu tafasa cikin ruwa suna ɗauke da sodiyam mai yawa.
- Ƙarin fotasiyam, da gishirin da ake tallatawa don masu hawan jini, haɗari ne ga mai ciwon ƙoda ko mai shan lisinopril, losartan ko spironolactone. Fotasiyam in ya hau yana iya tsayar da zuciya.
- Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya sani bitamin K na rage ƙarfinsa. Ba a hana shi zogale, alayyahu ko kuka ba, amma ya riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako, kada ya ƙara wani ciko sai da sanin likita.
- Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam na riƙe ruwa, su ɗaga jini, su taɓa ƙoda. Paracetamol ya fi aminci.
- Ƙwayoyin "sha ka fashe", maganin mura mai buɗe hanci, lemon ƙarin kuzari, da haɗe-haɗen ƙarfin maza da ba a san abin da ke ciki ba.

In likita ya rubuta ciko, a saya a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A guji kwalbar da ta wuni a rana kan tire ko bayan mota, zafin Maris da Afrilu na Zariya na kashe ƙarfin magani. A kuma sani cewa lambar rajista ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da duk ciwon da mai lasifika ya lissafa. Duk ranar ganin likita a kwashe abin da ake sha gaba ɗaya, har da sassaƙe da jiƙo, a kai masa ya gani.

Mataki na 6: Kantin bitamin na gaskiya yana kasuwar kayan miya

Mutumin Samaru maƙwabcin Cibiyar Binciken Aikin Gona ne, wadda tushenta ya faro tun 1922, kuma daga nan irin wake na SAMPEA da gyaɗa ta SAMNUT da dawa ta SAMSORG suka bazu a gonakin Arewa. Abin da zuciya ke so a ƙofar gidanmu ake noma shi.

A raba kwano gida huɗu. Biyu ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kuɓewa, kabewa, kabeji, karas. Ɗaya hatsin da ba a surfe shi ya yi fari fat ba: gero, dawa, acca, alkama, ko dankalin Hausa. Ɗaya mai gina jiki: wake, awara, kifi, ƙwai, kaza ba fata. Faten wake da alayyahu, kwaɗon zogale da ƙuli, dambu mai yawan ganye, fate da rama, duk abincin zuciya ne in an tsare gishiri da mai. Abin da ake so shi ne giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kimanin cikin tafin hannu biyar. A bi na lokaci, shi ya fi araha: mangwaro da bazara, gwaiba da damina, lemo da kankana da rani.

A auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga galan. A rage kitse, kayan ciki da man shanu. Man da aka soya ƙosai ko awara da shi har ya yi baƙi a zubar. Kifi sau biyu a mako ya fi ƙwayar man kifi. Gyaɗa cikin tafin hannu guda, marar gishiri, abin taɓawa ne mai kyau.

Sukari ma a sa masa ido. Kwalbar lemo ta santilita 50 kan ɗauki cokalin shayi 12 ko fiye, wato iyakar yini gaba ɗaya. A gaya wa mai shayi ya sa cokali ɗaya. Zoɓo na ɗan sauke jini kamar yadda ƙananan bincike suka nuna, amma sai an sha shi babu tulin sukari, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Mataki na 7: Ƙafa, taba da barci

Abin da ake nema minti 150 ne na tafiya mai ɗan sauri a mako, wato minti 30 sau biyar. Ma'auninsa: kana iya magana amma ba ka iya waƙa. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara biyar kowane mako. Bayan Asuba ko bayan La'asar ya fi, ba tsakar rana ba. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ke wuni a shago ya sauka daga Keke Napep tun da sauran tafiya, ya miƙe ya zaga duk bayan awa guda. Matar da ba ta cika fita ba ta zaga tsakar gida, ko ta haɗu da maƙwabciya su taka zuwa Islamiyya. Mai gazawar zuciya ya nemi izinin likita tukuna, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko haki mai tsanani ya tsaya nan take.

A auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya. Namiji ya yi ƙoƙari kada ya wuce santimita 94, mace 80.

Taba kuwa babu ragi, bari ake yi. Shekara guda bayan bari, haɗarin toshewar jijiyar zuciya kan ragu da kusan rabi. Shisha da matasa suka ɗauka ado taba ce. Hayaƙin itace a rufaffen madafi ma yana cutarwa, a buɗe taga ko a yi girki a sarari. Barci awa 7 zuwa 8 ake so. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya faɗa wa likita, domin hakan na ɗaga jini.

Azumi

A ga likita tun cikin Sha'aban. Mai hawan jini da ya daidaita yakan yi azumi lafiya, a mayar da ƙwayarsa sahur ko buɗa-baki. Maganin fitsari ne ke bukatar gyaran lokaci don kada jiki ya bushe. Wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, ko bai daɗe da tashi daga kwanciya ba, likita zai iya hana shi, addini kuma ya yi wa marar lafiya rangwame. A buɗe baki da dabino kaɗan da ruwa, a sassauta soye-soye, a guji mai gishiri da sahur.

Alamun da ba a kwana da su

- Nauyi ko matsi a ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, musamman da gumi ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi.
- Kasa kwanciya sai an tara matasai, ko farkawa cikin dare numfashi na sarƙewa.
- Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana.
- Suma, ko bugun zuciya mai sauri marar tsari.
- Ga mai ciki ko maijego: kumburin fuska da ƙafa, tari in ta kwanta, haki, ciwon kai mai tsanani.

Ko ɗaya aka gani, a nemi mota zuwa asibiti. Addu'a a yi ta a hanya. Kowane gida ya ajiye lambar mai mota ko mai Keke da zai amsa kira cikin dare.

Ranar Litinin da ta biyo bayan waccan Asabar muka kai Kawu Shika, da ledarsa a hannu. Likita ya zazzage ta kan tebur, ya ware mai tafasa da bitamin E gefe guda, ya mayar da shi kan ƙwayoyinsa, ya ƙara masa maganin fitsari. Gwaji ya nuna jininsa bai yi ƙasa ba, don haka ruwan ƙarin jinin ma aka ajiye. Inna, matar Kawu, ta koma dunƙule ɗaya da daddawa, ɗansa kuma ya mayar da kuɗin kwalabe kan na'urar awo da kifi.

Bayan wata uku na sake komawa Hayin Dogo. Na tarar ba ya zaure, sai da na jira ya dawo daga masallaci da ƙafarsa, silifa a ƙafa. A gefen tabarma, inda ledar nan take a da, ɗan littafin makaranta ne da biro. Ya buɗe ya miƙo mini, lambobi jere safe da yamma, na ranar 132/80.

Ya ce, "Ɗana, duba mini nan. In ka je gida ka gaya wa babarka ita ma ta zo a auna ta."